Taku goma a kan layi

Ran Talatar da ta wuce muka dawo daga Kano, ni da Yaya, zuwanmu na huɗu ke nan. Tun asuba muka fita, ɗan acaɓa ya kai mu bakin titi a Zakirai, muka hau mota ta Gezawa muka sauka Yankaba, daga nan sai adaidaita sahu. Ba mu shigo gida ba sai bayan isha'i. Inna na zaune a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa da hasken tocila, ko sallamarmu ba ta gama amsawa ba ta jefo tambayar da take yi duk shekara: "To, bana sun ba da magani?" Na ce a'a Inna, awo ne. Ta ce, "Awo dai, awo dai, kamar masu sayar da hatsi." Ta ci gaba da ɓararta.

Kuma gaskiyarta. Binciken da muke ciki, a kan ciwon gado na Huntington da Yaya ke fama da shi, ba na gwajin magani ba ne. Sau ɗaya a shekara muke zuwa, a auna Yaya, a auna ni, a rubuta, a ba mu kuɗin mota mu dawo. Abin da likitocin ke bi shi ne tafiyar ciwon kanta: da me yake farawa, me yake ci a shekarar farko, me yake ragewa sai daga baya. Maganin da ke rage masa motsin jiki daban ne, wannan a ɗakin ganin likita ake rubuta masa, mu saya da kuɗinmu.

Yaya tela ne, ko in ce tela ne a da. Kekensa Butterfly ne, tun yana saurayi yake takawa, kuma in sallah ta matso har daga ƙauyukan da ke kewaye da mu ake kawo masa ɗinki. Abin da ya fara canzawa ba hannunsa ba ne, halinsa ne. Mutumin da yara ke hawa wuyansa sai ga shi ya zama kamar garwashi. Ya kusa sakin matarsa a kan gishirin miya. Ya yi wa wani dattijo tsawa a rumfa don ya tambayi rigarsa. Sai bayan kusan shekara biyu ɗinkin ya fara karkacewa, allura ta huda masa yatsa sau biyu a mako ɗaya, kafaɗarsa na ɗagawa ita kaɗai, yatsunsa na motsi kamar mai jan carbi alhali babu komai a hannun. Yana da shekara 39 a lokacin.

Samari suka ce ƙwaya ya fara sha. Wannan ta fi ciwon yi mana zafi. Tsofaffi kuwa ba su ce haka ba, sai dai su kalli juna su ce abin ubansa ne ya dawo. Baba ya rasu ina sakandare, bayan shekaru yana wannan mutsu-mutsun, kuma har ya koma ga Allah sunan da muka san ciwonsa da shi shi ne iska. An yi ruƙiyya, an sha rubutu, an yi hayaƙi, an sayar da gona guda a kan neman magani. Da na Yaya ya zo, duk sai da muka sake bin hanyar nan tun daga farko, kafin wani ma'aikacin lafiya ya rubuta mana takarda zuwa wajen likitan jijiya da ƙwaƙwalwa a birni.

Likitan bai fara da tambayar Yaya me ke damunsa ba. Ido ya zuba masa tun daga ƙofa har ya zauna, sannan ya juyo gare ni ya ce, "Malam, wa kuma ya taɓa yin irin wannan a gidanku?"

Ranar aka zana mana bishiyar dangi, kuma ban taɓa ganin takarda ta gaza aikinta kamar ranar ba. Namiji a yi masa akwati, mace a yi mata da'ira, wanda ciwon ya kama a cike nasa da baƙi. Baba ya auri mata uku, 'ya'yansa 17, ban da waɗanda suka rasu suna jarirai. Fom ɗin da aka tanada bai ɗauki ko ɗakin Inna ba. Sai da nas ta haɗa farar takarda biyu da salatif. Na kira Inna a waya don ta cike mana na kakanni, ta yi shiru har na ɗauka layin ya katse, can sai ta ce akwai wata Gwaggo, yayar Baba, da ba a taɓa faɗa mana ita ba. An mayar da ita gida daga gidan miji, an ce mahaukaciya ce, an keɓe mata ɗaki a bayan gida har ta rasu. Kakarmu ma, mahaifiyar Baba, "tana da rawar kai". Likita ya cike da'ira biyu da baƙi. Ina kallon takardar, baƙin ya sauko tun daga sama har layinmu kamar sawun tururuwa.

Ciwon Huntington, haka ya kira shi. Sunan wani likitan Amurka ne, George Huntington, da ya bayyana shi a 1872 yana ɗan shekara 22. Abin da ya tsaya mini a rai game da shi: mahaifinsa likita ne, kakansa ma likita ne, kuma duk a yanki ɗaya suka yi aiki suna duba gidaje iri ɗaya, don haka abin da ya rubuta kallon mutum uku ne a jere. Ita kuwa ƙwayar gadon da ke jawo ciwon sai 1993 aka gano ta, a kan kromosom na 4, wato ɗaya daga cikin ƙullin gado da ke cikin ƙwayoyin jikin mutum. A cikinta akwai wasu haruffa uku, C da A da G, da ke maimaita kansu. Kowa na da su. In maimaicin bai kai 27 ba, lafiya lau. Daga 40 zuwa sama, ciwon zai zo in mutum ya yi tsawon rai, galibi tsakanin shekara 30 da 50. Tsakanin 36 da 39 yana iya zuwa, yana iya ƙin zuwa. Sannu a hankali yake cinye wani sashe can tsakiyar ƙwaƙwalwa da ke daidaita motsi, shi ya sa hali da tunani ma ba sa tsira. Aka aika jinin Yaya ƙasar waje, rago guda da buhun wake suka tafi a kai. Likita ya ce in wannan bai nuna ba akwai wata ƙwayar daban da za a duba, a kan kromosom na 16, mai kawo ciwo kusan iri ɗaya, wadda a jinin mutanen Afirka aka fi samun ta. Ba a kai ga haka ba. Na Yaya 45 ne.

Da carbi na yi wa Inna bayani. Na ce kowa an haife shi da wani ɗan carbi a jininsa, na wasu gajere, na wasu dogo, in 'ya'yansa suka kai arba'in sai ciwo. Ta ce ita carbin da ta sani talatin da uku ne. Na ce to wannan mai shi ba zai yi ciwo ba, amma yana iya ƙaruwa a jikin 'ya'yansa, musamman in ta wajen uba ya biyo. Nan ne ta ajiye abin da ke hannunta, don Baba sai da ya haura hamsin abin ya same shi, ɗansa kuwa ko arba'in bai cika ba.

Wani abu da nake so duk mai karanta wannan ya riƙe: ba auren zumunta ne ya kawo shi ba. Mutanenmu yanzu sun waye da sikila, tun ma da dokar jihar Kano ta 2024 ta wajabta gwaji kafin aure, sai kowane ciwon gado a auna shi da mudun sikila. Sikila sai uwa da uba sun haɗu kowa ya ba da nasa. Wannan kuwa mutum ɗaya ya isa. Ko daga Sin ka auro mace, kowane ɗan da ka haifa rabi da rabi ne, ko ya ɗauka ko ya tsallake. Wanda kuma ya tsallake, zuriyarsa ta tsallake ke nan har abada.

Bayan wata biyu likitan ya yi mana maganar bincike. Ya ce suna tara iyalai masu wannan ciwo su riƙa bin su shekara-shekara, har da 'yan'uwan da ba su da wata alama. Na kawo maganar gida, Baffa ya ce sam. Baffa ƙanin Baba ne, ya haura saba'in, kuma yana Kano yana dako a shekarar sanƙarau, 1996. Shekarar da kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da yara wajen 200, wajen rabinsu aka ba shi, sauran aka ba su wani maganin, yara 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a yi musu bayanin gwaji ba ne, kamfanin ya ce sanƙarau ne ya kashe su, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Baffa bai san waɗannan alƙaluman ba, ni na nemo su daga baya. Shi abin da ya sani shi ne an taɓa yi. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya ja da baya, kuma ban ga laifinsa ba.

Abin da ya sa na yarda shi ne takardar amincewa, da yadda aka karanta mana ita. Da Hausa, layi-layi, fiye da awa guda. Ba za a ba ku wani sabon magani ba. Duk ranar da kuka ga dama kuna iya fita, kuma ba zai taɓa kulawar da ake yi wa mara lafiya ba. Za a cire suna a sa lamba. Likita ya sa Yaya ya maimaita masa da bakinsa abin da ya fahimta kafin ya bari ya dangwala yatsa, matarsa na zaune a matsayin shaida. Na ɗauki kwafin na kai wa Baffa na karanta masa. Ya ce, "To in ba magani, me za su ci da ku?" Na ce sani. Ya ce Allah ya sa sanin ya dawo gida. Har yau ban sami amsar da ta fi wannan addu'ar tasa ba.

Ga yadda ranar awo take. Sikeli da farko. Sai a ce ka bi yatsan likita da ido ba tare da ka juya kai ba. Ka zaro harshe ka riƙe shi daƙiƙa 10, abin da yake kamar wasan yara har sai ka ga ɗan'uwanka ya kasa wuce uku. Ka haɗa babban yatsa da manuni da sauri. Dunƙule, gefen hannu, tafi, ka yi ta maimaitawa a kan tebur. A ja ka ta baya a ga ko za ka tsaya. Sai layin da aka manna a ƙasa: taku goma, diddige na taɓa yatsun ɗaya ƙafar. Kowane abu a ba shi maki daga 0 zuwa 4, a haɗa, iyakarsa 124, kuma a nan yawan maki ba abin murna ba ne. A zuwan farko Yaya ya yi taku bakwai kafin ya kauce. Bana biyu, ina riƙe da gefen rigarsa.

Sashen tunani ne nake da magana a kai, ni da nake malamin firamare. Akwai wanda za a ba ka alamomi ka haɗa kowace da lambarta cikin daƙiƙa 90. Akwai wanda za ka karanta sunayen launuka da sauri. Yaya ya sauke Alƙur'ani, yana rubuta awon mutane da ajami a bayan kwali, amma boko aji uku ya yi. In ya yi jinkiri a karatun boko, ciwo ne ko makaranta? Na faɗa wa likita haka. Ya amsa cewa damuwa ce ta gaske, shi ya sa suke rubuta iyakar karatun kowa, kuma sun fi auna mutum da kansa na bara fiye da auna shi da wani. Na gamsu rabi. An ƙera ma'aunin nan ne a ƙasashen da kowa ya yi boko, kuma da gani ka san ba da mu a rai aka yanka rigar ba.

Haka ma tambayoyin rayuwar yau da kullum, masu maki 13: sana'a, riƙon kuɗi, aikin gida, kula da kai, da irin kulawar da ake buƙata. Aka tambayi Yaya ko har yanzu yana iya aikin gida kamar girki da shara. Matarsa ta rufe baki da mayafi tana dariya, don ko lokacin da yake lafiya ƙalau bai san inda tsintsiya take ba. Sai da muka zauna da likita muka fassara tambayar zuwa rayuwarmu: yana ɗaure awaki? Yana iya yin cefane ya karɓo canji daidai? Yana alwala shi kaɗai? Da 9 ya fara. Bana 5.

Awon da Yaya ya fi so shi ne na dabbobi, a faɗi iya adadin da za a iya cikin minti ɗaya. Shekarar farko ya ce akuya, bunsuru, taure, tunkiya, rago, saniya, sa, maraƙi, karsana, nas ta rasa ko guda nawa za ta ƙirga. Bana ya ce akuya, jaki, kaza, sai ya tsaya yana kallon bango, bakinsa na motsi. Ya san su. Hanyar fitowarsu ce ta yi nisa.

Akwai kuma tambayar da ake yi a keɓe, ko ka taɓa jin rayuwa ta ishe ka, ko tunanin halaka kanka ya taɓa zo maka. Karon farko Yaya ya ce a'uzubillahi, ni ma raina ya ɓaci. Daga baya na gane ba rashin kunya ba ne. Baƙin ciki mai nauyi yana cikin ciwon kansa, kuma shi yana da magani. A zuwa na biyu Yaya bai ce a'uzubillahi ba. Ya yi magana, aka ƙara masa ƙwaya ɗaya, kuma a damina ta gaba mun ga bambanci.

Mu ma a gida muna da namu awon, na fara rubuta shi a littafin 'yan makaranta, yanzu likita har tambayarsa yake yi. Sallar da ya daina taka keke. Watan da ya daina ko da sa maɓalli da hannu. Ranar da ya koma ƙarshen sahu kusa da bango don kada motsinsa ya dami masu salla, ba wanda ya ce ya koma, shi ya ga dama. Ruwa tsurarsa yana ƙware shi, don haka kunu mai kauri ake ba shi, tuwo a sassauta, a zaunar da shi sosai, kuma ba a yi masa magana yana haɗiya. Likita ya ja mana kunne a kan wannan fiye da komai, don abinci in ya bi hanyar iska ciwon huhu yake jawowa, shi ne kuma ya fi ɗaukar masu wannan larura. Yana ci fiye da kowa a gidan, ga ƙuli-ƙuli, ga fura da nono, amma daga kilo 63 ya dawo 55. An ce daga bayyanar alamu yawanci shekara 15 zuwa 20 ne. Ban rubuta wannan a littafin ba.

To me ya sa muke komawa? A watan Satumba na 2025 wani kamfani mai suna uniQure ya sanar cewa wani magani da ake zubawa cikin ƙwaƙwalwa ta hanyar tiyata mai tsawon awanni ya rage saurin ciwon da kashi 75 cikin 100 a shekara uku. Mutum 12 kacal aka yi lissafin a kansu, sanarwar kamfani ce, kuma a lokacin ba a sa shi a kasuwa ba. Abin da ya ja hankalina shi ne da wa aka gwada su. Da mutanen da ba a ba komai ba, waɗanda suka yi shekaru suna zuwa awo kamar mu, a wani babban bincike mai suna Enroll-HD da aka fara a 2012, mai mutum sama da 20,000. In ba ka san saurin da ciwo ke yi shi kaɗai ba, ba yadda za ka ce ka rage masa gudu. Namu binciken ɗan ƙarami ne kusa da wancan, amma aikin iri ɗaya ne. Ana cewa ciwon ya fi yawa a Turawa, wajen mutum 5 zuwa 10 cikin 100,000, a Afirka kuma kaɗan ne. Wa ya ƙirga Gwaggo? Wa ya ƙirga Baba?

Sai dai akwai labarin da ba ya barina in saki jiki. Masuntan bakin tafkin Marakaibo a Benezuwela, talakawa, su suka ba da jinin da ya kai ga gano wurin da ƙwayar take a 1983. Nancy Wexler, wata mai bincike 'yar Amurka wadda ciwon ya kashe mahaifiyarta, ta yi shekaru tana zuwa wurinsu, aka zana bishiyar dangi mai mutum sama da 18,000. Duniya ta sami sani. Su kuwa har yau suna fama da ciwon da talaucinsu. In tiyatar nan ta tabbata, nawa za ta ci, kuma a wane asibiti? Na yi wa likita wannan tambayar ran Talata. Bai yi mini ƙarya ba, ya ce shi ma ita ke hana shi barci.

Baffa dai ya sami rabonsa ba tare da ya je ko'ina ba. Da likita ya ji ya haura saba'in ba alama, ya ce da wuya ƙwarai a ce yana ɗauke da ita, 'ya'yansa kuma bisa dukkan alamu sun fita. Auren autarsa da aka yi ta ja da baya saboda surutun gari, ni na je na zauna da dangin yaron da takarda da biro. An ɗaura bayan sallar layya.

Saura ni. Shekarata 36. Ni ma ana ɗibar jinina, amma na bincike ne, ba a faɗa wa mutum sakamako. In ina son sani, hanya daban ce, sai an zauna da ni an yi shawara fiye da sau ɗaya, kuma ba a yi wa yaron da bai kai 18 ba ko da ubansa ya nema. An ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta ka shafa wa naka ruwa. To ruwan ne babu. Na tambayi limaminmu ko neman sanin nan kutse ne cikin gaibu, ya ce a'a, abin da ke cikin jininka ya riga ya kasance, sani halal ne, bari ma halal ne. Matata ta ce duk wanda na zaɓa tana nan. 'Ya'yanmu uku, kuma maganar na huɗu mun ajiye ta a gefe ba tare da mun ce mun ajiye ba.

Ran Talata na yi taku goma cif, harshena ya tsaya, na faɗi dabbobi 24. Likita ya ce bai ga komai ba bana. A mota Yaya ya kwantar da kansa a kafaɗata, jikinsa ya lafa, don in barci ya ɗauke shi motsin yakan tsaya. Wajen Gezawa ya farka ya ce, "Kai nawa ka yi?" Na ce goma, Yaya. Ya ce, "Madalla," ya koma barcinsa.

Jiya da safe ina ba yara darasin lissafi alli ya suɓuce mini. Na tsaya ina kallonsa a ƙasa har wata 'yar aji huɗu ta taso ta miƙo mini. Katin zuwa na biyar yana cikin gafakar Yaya, an rubuta watan Nuwamba, na roƙi a ɗaga mana zuwa bayan an gama ɗaukar dawa.